Sawun da Ya Kewaye Kufai

Sekake ya fito da safe da kwanon dusa a hannu, ya tarar da turke babu goɗiya. Ba yanke igiyar aka yi ba, kwance ta aka yi. Ya ajiye kwanon, ya zaro usur daga cikin bargonsa ya busa, kafin rana ta leƙo kan dutse rabin ƙauyen Ha Pholo na ƙofar gidansa.

Sekake shi ne shugaban 'yan sintirin ƙauyen, ya fi kowa tumaki, ya kuma fi kowa murya. A sace dokin talaka, wannan sata ce. Amma a kwance goɗiyar shugaban masu gadi a tsakar gidansa, wannan cin fuska ne. Kuma goɗiyar ba ta wasa ba ce, baƙa wuluk mai farin goshi, ga ta da tsohon ciki. Samarinsa suka zo da sandunansu, kowa ya ja hular ulu har gira, suna ta zagaye turken kamar a ƙasa za su tono ta.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji wata murya daga baya. "Wanda ya ƙara ɗaga ƙafa, shi zan ce ya sata."

Ntate Khiba ke nan, mai bin sawu. A duwatsun nan Ntate ake ce wa magidanci, kamar a ce Baba. Gajere ne mai tumbi, kuma bai taɓa jiran wani ya yabe shi ba, ya ce mutane ba su iya ba, gara ya yi abinsa da kansa. Abin haushin shi ne yawanci gaskiya yake faɗa. Ya tattare bargonsa, ya durƙusa da nishi, ya duba ƙasar da sanyin asuba ya daskarar.

Takalmin roba ne, irin wanda kowa ke sawa a duwatsun nan, daga sarki har makiyayi. Mutum ɗaya ne. Bai hau goɗiyar ba, janta ya yi. Daga turke zuwa hanya, abin da ya fi sauƙi shi ne a ratsa filin da ke bakin shingen dutsen da shanu ke kwana. Amma sawun bai bi nan ba. Ya juya ya bi ta bayan shingen, ta wani lungu mai tsakuwa da ya wuce daidai ƙarƙashin tagar maigidan.

"Ntate Sekake, ta gindin tagarka aka wuce da ita. Ba ka ji komai ba?"

"Ina barci."

"To, madalla. Mai gadi ma ɗan Adam ne."

Wani saurayi ya yi dariya, Sekake ya waiwaya, dariyar ta koma tari.

* * *

Sawun ya ratsa ƙauyen bai ɓoye kansa ba. Ya wuce ta bakin shingen mutum biyu ko uku kai tsaye, ya gangara wajen rafi, ya yi wani lanƙwasa a cikin ciyawa inda babu abin kaucewa, ya dawo hanya, ya haura tudu. A kan tudun gida ɗaya ne, ɗaki zagaye na dutse da jinka, bayansa falalen dutse ne shimfiɗe har gindin tsauni. A ƙofar gidan nan sawun ya mutu. Kofaton tumaki ya tattake wurin tas.

Gidan Lebona ne. Tun kafin a iso kowa ya san can za a je, don a Ha Pholo ko kaza ce ta ɓace sai an kalli tudun nan. Lebona ya taɓa satar dawakai a ƙuruciyarsa, ba ƙarya aka yi masa ba. Ranar da aka kama shi, 'yan sintirin lokacin sun tsoma shi a rafi cikin hunturu, suka farfasa masa idon sawu da sanda, sannan suka miƙa abin da ya rage ga 'yan sanda. Ya yi zamansa a kurkuku ya dawo yana ɗingishi, ya tara 'yan tumakinsa, ba ya shiga sabgar kowa. Amma mutanenmu suna iya yafe wa mutum kisan kai kafin su yafe masa doki.

Yana zaune a kan dutse yana ɗinkin takalmi. Bai tashi ba.

Dokar sawu tsohuwa ce, kowa ya sha ta a nono: sawu ya shiga gidanka bai fita ba, kai ne ɓarawo har sai ka nuna inda ya fita. Abin da 'yan sintiri suka ƙara a kai shi ne sabo. Tun da ɓarayi suka fara zuwa da bindiga, ƙauyen ya yi yarjejeniya cewa wanda aka kama a ƙona gidansa, a kore shi daga kwarin har abada. Sekake ne ya kawo shawarar, ya kuma daɗe yana jiran ranar gwada ta.

"Ga shi nan, Morena," ya ce wa sarkin ƙauyen, Morena Pholo, wanda ya iso a kan jakinsa don gwiwoyinsa sun daina hawan doki. "Sawu ya shigo, ya kora tumaki a kai. Me ake jira? A kawo kananzir."

Sarki ya dubi mai bin sawu. Khiba ya gyara tsayuwa, don yana son a dube shi.

"Morena, duk dokin da kakanninmu suka hau, sato shi suka yi daga gonakin Turawa a gangare. Wanda ya dawo da shi aka yi masa kirari, wanda aka kama aka rataye shi a bishiyar gonar. Daga baya aka ce tara, daga baya aka ce kurkuku, yanzu ga yaran nan sun zo da kananzir. Duk ban hana ba. Amma a duk zamunnan nan ana ba mai gida wa'adi har faɗuwar rana, kuma ni ban ce na gama ba. Mutumin da ya ja goɗiyar nan ba ya ɗingishi."

"Ɓarawo in ya ga doki gurguntarsa warkewa take yi," in ji Sekake.

"Da haka ne da an kai guragu barga, an rufe asibiti."

Sarki ya ce a jira faɗuwar rana. Samari biyu suka zauna gadin gidan, sauran suka watse suna gunaguni. Khiba ya zauna kusa da Lebona, ya karɓi takalmin ya duba ɗinkin, ya mayar masa.

"Ɗan'uwa, tumakinka yaushe suka fara cin dutse?"

"Ban gane ba, Ntate."

"Ciyawa tana gangare. Kai ka kora su sama, kan falale, ka dawo da su, ka sake kora su. Me kake sharewa?"

"Tumakina ne. Inda na ga dama nake kai su."

"Ka san abin da za a yi wa ɗakin nan da yamma?"

Lebona ya ɗaga kai ya dubi jinkar. Da hannunsa ya yanko ciyawarta bara, dami bayan dami, da ƙafar nan tasa. Ya ce ya sani, ya ci gaba da ɗinki. Khiba ya ji haushi ya taso masa, don babu abin da ya tsana kamar mutumin da ake ƙoƙarin cetowa yana riƙe da gindin rijiya. Amma ya lura da abu ɗaya: Lebona bai yi mamakin ganin sawu a ƙofarsa ba.

* * *

A shagon ƙauye akwai baƙo, wani dillalin dawakai mai suna Shale, wanda aka gani jiya yana buɗe bakin goɗiyar yana duba haƙoranta. Tun safe mata ke nuna shi da leɓe. Khiba ya same shi a bayan shagon da kwanon giyar dawa a gabansa, dogo, sanye da rigar fata, takalminsa na birni mai tsini.

"Ntate Shale, an ce ka ƙyasa goɗiyar nan."

"Wa zai gan ta bai ƙyasa ba?"

"An kuma ce kana da abokai a hayin iyaka waɗanda ba sa tambayar doki sunan ubansa."

Shale ya yi murmushi, ya tura masa kwanon. Khiba ya sha, don a ganinsa bincike ba ya hana ladabi.

"Ntate, ni in zan saci doki ba zan kwana a garin ba in tashi in sha giya. Kuma me zai sa in saci abin da na riga na saya? Mun gama magana da Sekake jiya, mun tafa. Jibi mota za ta zo gindin dutse in kai ta. Uwa da ɗan cikinta, ciniki ɗaya."

Khiba ya ajiye kwanon a hankali.

"Wa ya ji cinikin?"

"Ba kowa. Ya ce kada a yayata. A ɗakinsa muka yi, sai matar da ta kawo mana abinci."

"Matarsa tana birnin Maseru wajen 'yarta mai jego."

"To wata ce dai, doguwa, mai shiru."

Khiba ya fito yana shafa tumbi. Ruwa ba ya tsami banza: mutum zai sayar da dokinsa, ya ce kada a yayata? Sai zuciyarsa ta fara kai shi ga Sekake kansa. Ya karɓi abin dillali, ya ɓoye goɗiya, ya ƙona ɗakin mutumin da dama ya tsana, jifa ɗaya tsuntsu uku. Labarin ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya fara shirya yadda zai faɗe shi a gaban jama'a. Sai dai da ya koma ya aza tafin hannunsa a kan sawun, labarin ya rushe. Ƙafar Sekake kamar kwale-kwale take. Wannan takalmin babba ne, amma nauyin da ke cikinsa bai kai gaba ba, yatsu ba su danna ƙasa ba. Ƙaramar ƙafa ce a cikin takalmin wani.

* * *

Doguwa mai shiru ita ce Mme Matumo, wato Uwar Tumo, matar marigayi Nthako, ƙanin Sekake, wanda ƙurar ramin zinariya ta cinye wa huhu. Ɗakinta na can gefen gidan Sekake. Khiba ya same ta tana tuƙa tuwon masara, ya zauna a bakin ƙofa ba a ce masa zauna ba.

"Mme, yunwa ta hana ni gani. In ba ki ba ni abinci ba za a ƙona gidan mutum, alhakin na wuyanki."

Da wasa ya faɗa, amma muciyar ta tsaya cak a cikin tukunya. Ta zuba masa tuwo da ganye, ta miƙo da hannu biyu.

"Ina ɗanki Tumo? Ban gan shi cikin masu sanda ba."

"Yana aiki a gonakin tuffa a hayin iyaka, Ntate. Sai Kirsimeti zai dawo."

"An ce ya ga yarinya."

"Ya gani. Mutanenta sun yarda. Da Kirsimeti za a kai shanun aure."

"Madalla. Shanu da tumaki, da dokin da zai raka su. Ai ba a kai shanun aure babu dokin nan da ake kira makiyayinsu, sai a ce gidanku ba su san al'ada ba."

Ta juya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ya cinye tuwon, ya suɗe hannu, ya yaba ganyen, ya miƙe. Yana bakin ƙofa ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Ntate Khiba, da gaske za su ƙona?"

"Kin san wan mijinki fiye da ni."

Ya tafi da zargi a ransa, amma zargi ba hujja ba ne. Mata masu ƙaramar ƙafa sun fi ashirin a Ha Pholo, samari ma haka, kuma kowace mace mai tausayi za ta iya yin wannan tambayar.

* * *

Ya koma wajen rafi, inda sawun ya lanƙwasa a cikin ciyawa. Da safe ya wuce wurin da sauri saboda masu sanda na hura masa wuya. Yanzu ya tsaya ya dube shi da kyau. Babu rami, babu taɓo, babu ƙaya. Hanya a miƙe take, amma mai jan goɗiyar ya bar ta, ya yi rabin da'ira mai faɗi cikin raɓa da duhu, ya dawo.

Khiba ya shiga tsakiyar abin da aka kewaye. Ciyawar nan ta fi ta ko'ina kauri da duhun kore. Ya tura ƙafa, ya ji dutse, ya matsa ya ji wani, suna jere a zagaye. Sai ya tuna. Yana yaro ubansa ya taɓa nuna masa wurin: nan ne tsohon gidan kakan su Sekake, kafin aradu ta faɗa masa su koma sama. Wannan shingen shanunsa ne, kuma a cikinsa aka binne tsohon, kamar yadda ake binne masu gida. Bango ya zube tun kafin a haifi rabin ƙauyen, hanya ta bi ta kai, yara da jakuna na takawa kullum.

Ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun ya yi dariya shi kaɗai, dariyar mutumin da ya sake burge kansa. Sannan dariyar ta tsaya, don ya ga inda amsar za ta faɗa, kuma bai ji daɗi ba.

Daga nan ya zagaya ta bayan gidan Lebona, ya hau falalen dutse. Dutse ba ya riƙe sawu, amma goɗiya mai ciki ba ta riƙe kashi. Ya bi abin da ta bari har wani kogo da makiyaya ke fakewa in ƙanƙara ta sauko. Tana ciki, an ɗaure ta da sassauci, an ajiye mata damin ciyawa da bokitin ruwa, an kuma lulluɓa mata tsohon bargon namiji a baya. Ya shafa goshinta, ya bar ta a nan, ya sauko ya aika a gaya wa sarki a tara mutane a bakin rafi.

* * *

Rana ta karkata lokacin da suka taru. Sekake ya zo da samarinsa da galan ɗin kananzir, yana mitar me ya sa a nan. An kawo Lebona a tsakiyar masu gadinsa. Shale ya tsaya gefe yana kare takalminsa daga laima. Mata suka zauna a kan tudu da bargunansu. Khiba ya tsaya a tsakiyar koren ciyawar nan, hannu a baya, kamar mai shirin wa'azi.

"Morena, kafin a ƙona ɓarawo, a san mai kaya. Goɗiyar wa aka sace?"

"Tawa," in ji Sekake.

"Kai ka saye ta?"

"Ta gidanmu ce."

"Ban tambayi gida ba. Dattawa, wa ya shigo da ita garin nan tana 'yar dukushiya?"

Wani tsoho ya ce Nthako ne, da guminsa na ramin zinariya, kowa ya gani. Wani ya ce haka ne. Sekake ya ce shi ne babba, dukiyar ƙaninsa a hannunsa take har yaron ya girma.

"Riƙo ke nan," in ji Khiba. "Yaron kuwa ya girma har zai yi aure. Ntate Shale, matso nan kusa da ni, ka gaya wa Morena abin da ka gaya mini."

Shale ya tako cikin ciyawar ya faɗi cinikin, har da maganar kada a yayata. Gunaguni ya tashi daga wajen mata. Fuskar Sekake ta yi kamar an shafa mata toka.

"Wannan maganar gida ce," ya ce. "Ba ita ta tara mu ba. An saci doki da dare, sawu ya mutu a gidan wancan gurgun."

"Za mu zo nan. Lebona, zo." Lebona ya ɗingiso ya tsaya kusa da dillalin. "Ntate Sekake, kai ma zo." Sekake ya shigo yana huci. Khiba ya ɗaga murya wajen tudu, ya kira matar mai shago, ta taso tana dariyar kunya ta shigo. Ya kira wata, ita ma ta shigo.

"Kun gani, kowa ya tako. Wanda ya ja goɗiyar nan ya wuce ta bakin shingen mutane kai tsaye, bai damu ba. Wuri biyu kawai ya ƙi takawa. Na farko bakin shingen Sekake, har ya gwammace ya bi ta gindin tagar mai barci. Na biyu nan inda muke tsaye. Ntate Sekake, wa ke kwance a ƙarƙashin ƙafarka?"

Sekake ya dubi ƙasa. Ya ɗan ja da baya.

"Kakana."

"Kai jikansa ka manta. Amma akwai wadda ranar da aka kawo ta gidanku amarya tsofaffin mata suka zagaya da ita, suka ce bakin shingen gidan miji da makwancin kakanninsa ba ki takawa har ki mutu. Ɓarawo na iya manta tsoro, suruka ba ta manta kunya, ko da duhu, ko ba mai ganinta."

Bai kira suna ba, bai ko dubi tudu ba. Mme Matumo ta miƙe da kanta. Ta gangaro a hankali, ta zo daidai inda koren ciyawar ya fara, ta tsaya.

"Ba sai ka kira ni ba, Ntate, ka san ba zan shigo ba." Ta juya wajen sarki. "Morena, ni na kwance ta. Takalmin mijina na sa. Na ji ana sayar da ita ina riƙe da kwanon abinci. Na yi niyyar in kai ta gidan yayana a bayan tsauni har Tumo ya dawo. Ban hau ta ba saboda cikinta, sai gari ya nemi wayewa, na bar ta a kogon makiyaya. Ban yi tunanin sawu ba, ni ba ɓarauniya ba ce balle in san ana share shi. Tun safe nake cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa, tsoro ya riƙe mini harshe. Wannan mutumin bai taɓa igiyarta ba."

Samarin suka dubi shugabansu, suka dubi galan ɗin, wanda ke riƙe da shi ya ajiye shi a ƙasa ya matsa gefe kamar ba shi ya kawo ba. Ɗakin Mme Matumo jinkarsa na haɗe da rumbun Sekake, kowa ya san haka.

Morena Pholo ya daɗe yana murza gemu.

"Sekake, kai ka kawo dokar wuta. Yanzu ga mutum biyu a gidanka. Ɗaya ta ɗauki abin ɗanta da dare, ɗaya ya sayar da abin maraya da rana. Faɗa mini wanne ne ɓarawon, in ba ka ashana."

Laifi tudu ne, Sekake ya taka nasa yana hango na wani, yau an juyo da shi ya dubi ƙasan ƙafarsa. Ya ce a yi haƙuri, maganar gida ce, a bar su su sasanta.

"Da safe ba ka ce a sasanta ba," in ji sarki.

Ya yanke hukunci a tsaye. Goɗiya ta koma hannun uwar Tumo, ciniki ya mutu. Sekake zai ba da sa ɗaya ga Lebona, ya kuma ajiye usur. Mme Matumo za ta ba da tunkiya, ba don goɗiyar ba, don ta bar mutum ya wuni a bakin wuta tana da maganar da za ta cece shi. Dokar ƙona gida kuwa za a sake zama a kanta, kuma wannan karon shi zai yi magana. Mutane suka watse da sauri, kowa na cewa shi dama tun farko bai yarda da zancen ba. Babu wanda ya dubi Lebona a ido.

* * *

Khiba ya bi Lebona zuwa tudu, wai don ya nuna wa Mme Matumo inda kogon yake, ko da yake ta fi shi sani. Da suka iso ya tsaya turus. Gadon ƙarfe na waje a kan ciyawa, da tukunya, da akwatin kwano, da buhun masara, da 'yar rediyo a naɗe cikin bargo. Da rana, masu gadinsa na kallo, Lebona ya fitar da duk abin da ya mallaka ya jera nesa da jinka.

"Ka ga matar nan da asuba," in ji Khiba.

"Na gan ta."

"Ka kora tumaki a kan sawunta, ka bar shi ya mutu a ƙofarka. Kai da ka fi kowa sanin dokar. Wace ce ita a wurinka?"

"Ba kowa. Ko gaisawa ba ma cika yi ba." Lebona ya sunkuya ya ɗauki tukunyar. "Da sun bi ta har kogo da zafin safiya, ba wanda zai tsaya tambayar goɗiyar wa ce. Sai bayan an gama ake tambaya, Ntate, ni na sani. Ni an riga an karya abin da za a karya. Ɗaki kuwa ciyawa ce da dutse."

"Ciyawar da ka yanko da ƙafa ɗaya."

Lebona ya shiga da tukunyar, ya fito, ya tsaya kusa da gadon yana duban ƙofa, yana lissafin yadda ya fitar da shi shi kaɗai.

Khiba yana da maganganu da yawa da ya tanada game da gwanintarsa ta yau, masu kyau kuwa. Ya haɗiye su. Ya kwance bargonsa ya ajiye a kan dutse, ya kama ƙafafun gadon ta baya.

"Ɗaga can," ya ce. "A karkace zai shiga."